Inji ya tashi, giya ta ƙi: nazarin gyaran wani Triumph Bonneville na 1969 bayan doguwar ajiya

## Babur ɗin da yadda aka ajiye shi

Babur ɗin Triumph Bonneville T120 ne ƙirar 1969, daga masana'antar Meriden da ke kusa da Coventry a Ingila. Injinsa mai silinda biyu ne, cc 649, giyarsa huɗu. Libar giya tana ƙafar dama: a taka ƙasa a shiga ta ɗaya, a riƙa ɗagawa sama har a kai ta huɗu. Sai a 1975 kamfanin ya mayar da libar hagu saboda dokar Amurka.

Tun 1963 Triumph ya haɗe injin Bonneville da akwatin giya a gida ɗaya, amma bai haɗe mansu ba. A ƙirar 1969 mai wuri uku yake zama. Na inji yana tankinsa, na kuloci da sarƙar gaba, mai haɗa inji da kuloci, yana cikin murfin hagu, akwatin giya kuma yana da nasa daban, mililita 500. Wanda ya saba da baburan Japan, inda mai ɗaya ke yi wa inji da kuloci da giya hidima, zai iya juye baƙin mai ya ɗauka ya gama da maganar mai baki ɗaya.

Mai babur ɗin ya gaje shi ne daga kawunsa. Ya iya ƙananan gyare-gyare, yana wanke kafireto, yana saita bawul, amma bai taɓa buɗe akwatin giya ba. Babur ɗin ya shafe fiye da shekara 20 a wata rumfa mai rufin kwano, lulluɓe da tamfol, a jingine kan ƙaramin jak, wato ya karkata hagu. Da rana wurin ya yi zafi, da dare ya yi sanyi. Kafin ajiyar kawun ya tsiyaye fetur, ya cire batir, ya ɗiga mai a cikin silinda, shi ya sa fistin bai kama ba. Giya da kuloci babu wanda ya taɓa su. Robar da ke rufe ramin da wayar kuloci take shiga saman murfin giya ta riga ta tsage ta zube. Iyalin gidan sun ce lafiya lau aka hau shi ranar da aka ajiye.

## Makon farko

An wanke kafireto biyun, an sa sabon batir da sababbin fulogi, an canza baƙin mai. Inji ya tashi, ya zauna da kyau. Mai babur ya kama kuloci ya taka ta ɗaya, sai aka ji ƙarar ƙarfe ƙwaram, babur ya yi tsalle gaba ya mutu. Ya sake, haka. A ransa ya yanke cewa giya ta tafi.

Ya ɗora shi kan babban jak, inji a kashe, yana juya tayar baya da hannu yana taka liba. Libar ta yi tauri, kuma idan an taka ba ta komawa tsakiya sai an dawo da ita da ƙafa. Da ƙyar ya samu ta ɗaya da ta biyu. Ta uku da ta huɗu sai bayan jijjiga mai yawa.

A ƙarshen makon, da ya duba littafin gyara, ya yi gwajin da ya raba gardama. A irin waɗannan baburan ƙarfin kik yana bi ta babban shaf na giya ne, ya ratsa kuloci, sannan ya isa inji. Saboda haka idan aka sa firi, aka kama kuloci aka buga kik, ya kamata kik ɗin ya faɗi ƙasa sakayau. Nasa bai faɗi ba. Yana juya inji da cikakken nauyinsa, kamar ba a kama komai ba. Farantan kuloci sun manne.

## Mako na biyu da na uku: kuloci

Ya fara da dabarun da ba sa buƙatar kwance komai. Ya ɗaure libar kuloci da igiya ta kwana. Ya sa ta huɗu, ya kama kuloci, yana tura babur gaba da baya. Ya bar inji ya yi zafi sannan ya kashe ya yi ta buga kik. Ya ɗaure wayar kuloci har ƙarshen zarenta. Babu wanda ya yi aiki, kuma na ƙarshen ya kwance shi da sauri, domin waya marar sassauci tana danne tsinken kuloci, wato siririn ƙarfen da ke tura farantai su rabu, dindindin, bakinsa ya yi zafi ya cinye.

Da ya buɗe murfin hagu, man da ya tarar bai kai mililita 100 ba. Faranti goma sha biyu, shida masu fata shida na ƙarfe zalla, sun fito dunƙule guda, sai da siririyar wuƙa aka raba su. Tsatsa ta fi yawa a rabin da ke sama, wanda mai bai taɓa kaiwa ba a duk shekarun nan. Ya jera na ƙarfen kan gilashi yana zura ma'aunin tazara a ƙarƙashinsu. Biyu sun lanƙwashe, ma'aunin milimita 0.3 yana wucewa ƙasansu. Ya canza waɗannan biyun da masu fatar duka, ya goge sauran da samfefa mai laushi. Kunnuwan farantai sun ɗan sassaƙa tsagogin kwandon kuloci, ya bi su da zarto sama-sama.

Wajen haɗawa ya saita sifirin uku har farantin matsi ya riƙa ɗagawa daidai ta kowane gefe, ba tangaɗi. Ya murɗa sukurun tsinke har ya taɓa, ya dawo da shi rabin zagaye, ya bar wa waya sassaucin milimita 3.

Kik ya faɗi sakayau. Ta ɗaya ta shiga da ƙaramar ƙara, babur bai motsa ba. Liba kuwa tana nan da taurinta.

## Mako na huɗu: man giya da liba

Sai yanzu ya kwance notin tsiyayar man giya. Abin da ya fara zubowa ruwa ne, ja-ja, wajen mililita 40. Bayansa mai mai kauri, launin ƙasa, yana fita a hankali. Duka-duka mililita 350 aka samu. Ya zuba a kwalba mai haske ya bari ya kwana. Da safe ya rabu uku: ruwa a ƙasa, dagwalo a tsakiya, mai a sama. Ya zura maganaɗisu, ya kamo ƙurar ƙarfe mai laushi, babu ɓallin haƙori ko guda.

Ya cika akwatin da kananzir, ya juya taya da hannu yana canza giya, inji a kashe, ya tsiyaye. Ya maimaita har kananzir ya fito fes. Ya zuba man giya mai lamba 90, nau'in GL-4 a rabe-raben man giya. Ya zaɓi wannan ne saboda akwai bushi da wasa, wato zobba masu rage gugar ƙarfe da ƙarfe, na tagulla a ciki, kuma sinadarin farar wuta da ke cikin wasu mayukan GL-5 yana cin tagulla idan ya yi zafi. A jikin notin tsiyaya akwai ɗan bututu da ƙaramin noti na auna cika, ana zuba mai har sai ya fara ɗigowa ta nan.

Taurin liba a murfin waje na dama aka same shi. A nan ne ƙananan fulanja biyu suke, wato ƴan turakun ƙarfe da sifirin ke turawa, waɗanda ke kama haƙoran kwadaran, wani ƙarfe mai siffar yankin da'ira, su tura shi mataki ɗaya duk lokacin da aka taka, tare da sifirin biyu masu dawo da liba tsakiya. Tsohon mai ya bushe ya zama danƙo a jikin fulanjojin, ɗaya daga sifirin ɗin kuma tsatsa ta cinye shi. An wanke, an canza sifirin duka. A kan jak giya huɗu suka shiga, liba tana komawa da kanta.

## Wata na biyu: a kan hanya

Kilomita goman farko babu abin da ya faru. Daga nan abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Idan ya ɗaga daga ta biyu zuwa ta uku, wani lokaci sai ya faɗa firin da bai kamata ya kasance a wurin ba, inji ya yi kururuwa. Ta uku takan fita idan ya saki wuta ko ya taka gargada. Ta biyu ma ta fita sau da dama. Firi na gaskiya ya yi wuyar samu a tsaye. Libar tana tafiya sumul, babu wannan ɗan ƙas da ƙafa take ji idan giya ta zauna. Ga kuma wani gurnani mai kaifi a ta ɗaya da ta biyu da ta uku, wanda yake ɗaukewa da zarar an shiga ta huɗu.

Ya sake saita kuloci daga farko. Babu canji. Ya juye man 90 ya zuba na 140. Gurnanin ya ɗan lafa, canjin giya ya yi nauyi da safe, zamewar tana nan. Ya koma tafiya da ƙafarsa a ƙarƙashin liba yana ɗan ɗaga ta, hakan kuwa yana riƙe ta uku, kuma ya yi wajen kilomita 60 a haka. Abokansa masu irin baburan suka ce ƙahonnin giya, wato haƙoran gefe da giya ke kulle 'yar'uwarta da su, sun cinye, ko kuma gwafar da ke matsar da giya ta lanƙwashe. Ya nemo tsohon saitin giya cikakke, da shaf biyu da gwafa biyu, ya saya ya ajiye yana jiran ranar da zai yi ƙarfin halin buɗewa.

## Ƙarshen wata na biyu: fulanjar ƙasa

Kafin ya buɗe, ya kai babur ɗin wurin wani dattijon makanike da ya daɗe da ajiye aiki, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan baburan Ingila. Dattijon bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambayoyi.

"Yaro, yaushe take fita? In ka ba ta wuta, ko in ka saki?"

"Baba, ba ta da lokaci. Amma ta fi fita in na saki, ko a gargada."

"Giya ɗaya ce kullum?"

"A'a. Yau ta uku, gobe ta biyu."

"Da ka tsiyaye mai, ka ga ruwa?"

"Na gani, Baba. Amma na wanke da kananzir har ya fito fes, kun ga kwalbar ma na taho da ita."

Dattijon ya kalli kwalbar, ya ce a kawo masa buhu ya shimfiɗa.

Bayaninsa, a taƙaice, shi ne wannan. Giya tana kulle da 'yar'uwarta ta ƙahonnin da ke gefenta. Idan bakin ƙahonnin ya cinye ya yi santsi, ƙarfin inji ne yake tunkuɗo su waje, don haka giyar takan fita lokacin da aka murɗa wuta, kuma giya ɗaya ce take yin haka kullum. Zamewar da ba ta zaɓar giya, ba ta jiran wuta, tana nuna wani wuri daban. Liba tana tura kwadaran, kwadaran yana juya wani faifan ƙarfe mai tsagogi, tsagogin su ne suke jan gwafa biyu da ke matsar da giyoyi. A gefen faifan akwai gurabe, kowace giya da nata, firi ma da nasa. Abin da ke riƙe faifan kada ya juya da kansa shi ne fulanja guda da sifirin ke turawa sama ta faɗa gurbin. Ita ce ke yin ƙas ɗin da ƙafa take ji.

Wannan fulanjar a can ƙasan akwatin giya take, cikin wani babban noti mai rami wanda gindinsa a toshe yake. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake nema. Notin tsiyaya kuwa ba ya zubar da abin da ke cikin ramin, duk yawan kananzir ɗin da aka zuba ta samansa yake wucewa.

Da dattijon ya kwance notin, jan ruwa ne ya zubo masa a hannu. Fulanjar ta kafe kusan a ƙasa, bakinta yana ɗan shafar faifan kawai. Sai da aka jiƙa ta aka buga sannan ta fito. Sifirin ɗin ya yi tsatsa a zagayen ƙasa, kuma daga baya da aka gwada shi da sabo, ya gaza da milimita 6.

Sababbin kaya ba sa hannu a ranar. Mai babur ya matsa a goge tsohuwar fulanja a ja sifirin ya ɗan ƙara tsawo. Dattijon ya ce ba zai kai ko'ina ba, amma ya yi masa. Giya ta zauna daram na kimanin kilomita 30, sannan sifirin ya karye, zamewa ta dawo. Da aka sa sabuwar fulanja da sabon sifirin da sabon noti, aka koma man 90, zamewar ta tsaya cak. Firi ya samu cikin sauƙi.

## Wata na uku: gurnani

Gurnanin bai tafi ba, ƙaruwa ma yake yi. Yadda yake ɗaukewa a ta huɗu yana da dalili a ƙirar akwatin. A giyoyi uku na ƙasa ƙarfi yana sauka daga babban shaf zuwa ƙaramin shaf da ke kwance a ƙarƙashinsa, sannan ya hau zuwa giyar da ke riƙe da sifaket mai jan sarƙar tayar baya. A ta huɗu babban shaf yana kullewa da wannan giyar kai tsaye, ƙaramin shaf ya riƙa juyi ba kaya a kansa. Ƙarar da ke mutuwa a ta huɗu, ke nan, daga ƙaramin shaf ko borisansa take.

Bayan kilomita 300 da canza fulanja an tsiyaye mai. Maganaɗisu ya kamo ƴan ɓarɓashi masu ƙyalli, a ƙasan tire kuma akwai ƙura rawaya da maganaɗisu bai ɗauka ba. Tagulla ce. Aka tsayar da hawa.

Wani sauƙi da wannan ƙirar take da shi shi ne ana fitar da kayan giya inji yana kan firam. An sake cire kuloci, aka zare cibiyarsa da abin zarewa, aka cire murfin waje, notin kik, murfin ciki, sandar gwafa, sannan shaf biyun suka fito ta dama. Sifanun milimita ba su da amfani a nan, notocin na inci ne.

Ƙaramin shaf yana zaune kan borisai biyu masu allurai, wato siraran ƙarafa masu mirginawa, ɗaya a murfin ciki, ɗaya a bangon hagu. Na dama lafiya ƙalau. Na hagu, ɓangaren da babur ya karkata shekara da shekaru, allurorinsa na ƙasa duk sun yi ramuka. A wuyan shaf ɗin akwai layuka a jere, tazararsu daidai da tazarar allurai, inda kowace allura ta kwana cikin ruwa ta bar tabonta. Wasan tagulla na wannan gefe ya sirance. Boris ɗin babban shaf da ke murfin ciki yana ɗan gurzawa idan an juya shi da yatsa.

Sauran kayan ba su da laifi sosai. Haƙora suna da tabon tsatsa amma babu rami mai zurfi. Ƙahonni da kaifinsu, sai na ta biyu da bakinsu ya ɗan daskule. An mirgina sandar gwafa kan gilashi, a miƙe take. Gwafa biyun ma a miƙe, sai dai ɗaya tana da sabon gurzo mai sheƙi a gefe guda. Guraben faifai ba su ci ba.

Aka ɗauko saitin da ya saya aka jera gefe da gefe. Ƙahonninsa sun fi na cikin babur cinyewa nesa ba kusa ba. Ƙaramin shaf ɗinsa ne kawai mai wuya sumul, kuma da aka ƙirga haƙoran giyar da ke manne a jikinsa suka zo daidai, shi aka ɗauka.

An ɗumama bangon zuwa wajen digiri 100 kafin a fitar da tsohon boris a sa sabo. Ba a kora shi har ƙurya, dole bakinsa ya ɗan fito domin wasan tagulla ya zauna a kansa. An manna wasan da giris kan ɗan turkensa, gefe mai tsagogin mai yana fuskantar giya. An canza boris ɗin dama da na babban shaf, da sil ɗin bayan sifaket mai hana yoyon mai, tun da an riga an zo wurin.

## Haɗawa

Mai babur ya haɗa shi kaɗai. Ya rufe murfi biyun, ya sa gaskit, ya zuba mai, sannan ya gwada. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku, babu ta huɗu. Haƙoran kwadaran sun shiga na faifai da kuskuren haƙori guda, saboda haka tafiyar kwadaran take ƙarewa kafin faifai ya kai gurbin ƙarshe. Kwadaran yakan zame ƙasa da nauyinsa daidai lokacin da ake tura murfin ciki, sai an riƙe shi a matsayin da littafi ya nuna har haƙoran su kama.

Aka tsiyaye, aka sake buɗewa, gaskit ya tafi. A wannan karon dattijon ya sa aka ɗaure murfin ciki da sukuru biyu kacal, aka riƙa tura kwadaran da sukundireba ana juya taya, har aka ƙirga giya huɗu da firi, sama da ƙasa. Sannan aka rufe.

## Bayan kilomita 800

Babu zamewa, babu gurnani. Man da aka tsiyaye ya fito garai, maganaɗisu ya kamo ƙura kaɗan mai laushi. An kwance notin fulanja an duba, mai ne a ciki. An sa sabuwar roba a bakin wayar kuloci, kuma babur yana kwana a kan babban jak.

## Hukunci

Cuta huɗu ce a babur ɗin, kuma kowace ta ɓoye wadda ke bayanta. Kuloci da ya manne ya hana a ji taurin liba a kan hanya, taurin liba ya rufe rashin ƙas ɗin fulanja, zamewar giya kuma ta ɗauke hankali daga gurnani. Biyun farko zama ne ya kawo su, mai ya tsiyaye daga inda ake buƙatarsa ya bushe a inda ba a buƙata. Biyun baya ruwa ne, wanda ya taru daga raɓar zafi da sanyi da kuma ramin wayar kuloci, ya kwanta a wuri mafi ƙasa da gefen da babur ya karkata.

Gwaje-gwajen da suka yi amfani duk masu raba zato biyu ne, kuma babu mai buƙatar kaya: kik da kuloci a kame, tambayar ko giya tana fita da wuta ko ba wuta, sauraron ta huɗu, maganaɗisu a cikin mai. A ganina babbar shaidar ita ce kwalbar mako na huɗu. Mililita 40 na ruwa sun isa su sa a kwance notin fulanja a ranar, aikin da bai fi minti goma ba, da kuwa wahalar wata na biyu duka ba ta faru ba. Wankin kananzir ya yi amfani wajen fitar da dagwalo, amma fitowarsa fes ta sa aka ɗauka an gama da ruwan.

Man 140 ya rage ƙara ne kawai, boris yana ci gaba da cinyewa a ƙarƙashinsa. Riƙe liba da ƙafa shi ne ya yi ɓarna ta gaske, domin gwafa an yi ta ne ta tura giya ta saki, ba ta zauna tana gugar ta ba, kuma sabon gurzon da aka gani nasa ne. Saitin giyar da aka saya kafin a buɗe ya ba da shaf mai kyau, amma dace ne, don ƙahonni da gwafa aka saye shi kuma ba a yi amfani da ko ɗaya ba. Layukan wuyan shaf tun a rumfa suka samu, don haka shaf ɗin ba zai tsira ba ko da an buɗe da wuri. Wasan tagulla da boris ɗin babban shaf su ne tafiyar da aka yi da gurnani ta ƙarasa.

Ƙahonnin ta biyu an bar su yadda suke, kuma hakan daidai ne muddin suna riƙewa. Ranar da ta biyu ta fara fita lokacin da aka murɗa wuta, ita kaɗai, to su ne, kuma giyar da abokiyar kullewarta tare za a canza su, domin sabon ƙaho a tsohon gurbi ba ya daɗewa.